Cokalin Iya Taga

Litinin, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Sun mayar da ni ɗakin zannuwa. Matiron, shugabar nas-nas, ta ce na ɗan lokaci ne, kafin a gama bincike. Aikina yanzu in ninke zanin gado da rigar filo, in jera a kanta, in loda a keke in tura zuwa bakin ƙofar kowane ɗaki. Bakin ƙofa kawai. An ce kada in shiga tsakanin gadaje, kada in taɓa majinyaci ko da gyara masa filo ne.

Shekarun da na yi ina mataimakiyar nas a ɗakin tsofaffi mata sun isa a haifi yaro ya shiga sakandare. Yau ga ni ina shaƙar tururin guga.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Alhamis ba. Na faɗe shi a ofis har bakina ya gaji.

Talata, hutun rana

Baba Mai Guga, tsohon da nake zaune da shi a nan, ya kalli rigata ta saman tabarau ya ce, “'Yata, mai koriyar riga me take nema a cikin tsummokara?” Na ce hutu aka ba ni. Ya ce to Allah ya sa hutun alheri ne, ya ci gaba da gugarsa. Ya sani, asibitin kaf an sani.

A wurin nan launin riga shi ne mutum. Masu ruwan toka su ne mataki na ɗaya: gyaran gado, kwashe fo, yi wa majinyaci wanka, yanke masa farce. Mu masu kore muna yin duk wannan, mu ƙara da awon zafin jiki da hawan jini, mu juya wanda ba ya iya juyawa don kada bayansa ya yi gyambo, mu ba da abinci ga wanda maƙogwaronsa lafiya lau yake. Masu shuɗi kuwa sun je kwas sun ci jarrabawa. Su ke koya wa sababbi, su ke duba aikinmu, kuma su kaɗai aka yarda su ciyar da wanda haɗiya ke yi wa wuya, don irin wannan majinyacin cokali ɗaya in ya bi hanyar numfashi sai ya sauka a huhu.

A doka ke nan. A cikin ɗaki kuwa musaya muke yi, ki yi mini wannan in yi miki wancan, har aiki ya ƙare. Da ba a musaya, da rabin tsofaffin nan sun wuni cikin fitsari. Matiron ma mai koriyar riga ce a da, ta fi ni sanin haka.

Laraba, da safe kafin in fita

Fulas ba ta kira ba.

Laraba, da yamma a gida

Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki ni da ita, rana ɗaya muka fara kwashe fo muna toshe hanci muna dariya. Ni na sa mata Fulas, don ba ta rabuwa da fulas ɗin shayi, ko ban-ɗaki za ta sai ta waiwaya ta ga yana nan. Sunan ya bi ta har likitoci da shi suke kiranta.

Da aka ce mutum ɗaya za a saki daga ɗakinmu ya je kwas na mataki na uku, ni na ce ta fara zuwa, don lokacin ina goyo. Na riƙe mata ranakunta, na yi nawa na yi nata. Ranar da ta dawo da shuɗiyar riga ta rungume ni a gaban kowa ta ce, “Tawa, rabin rigar nan taki ce. Zagaye na gaba ni zan riƙe miki.” Na ce to a yanko mini hannun dama in fara sawa. Muka yi ta dariya har nas ta leƙo ta ce muna tada marasa lafiya.

Yau na hango ta a baranda. Ta ga keken zannuwa na tahowa, sai ta tuna tana da abin yi a ɗakin magani.

Alhamis, hutun rana

An ce Iya ta buɗe ido. An cire mata na'urar numfashi, ƙila a dawo da ita ɗakinmu mako mai zuwa. Na shiga bayan kanta na yi kukana, Baba Mai Guga ya ƙara ƙarar rediyo don kada in ji kunya.

Iya Taga muke ce mata, saboda gadonta na jikin taga. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kawo ta. Magana ta tafi, sai “to” kaɗai ta rage mata, da ita take gaisuwa, da ita take faɗa. Haɗiya ma ta lalace, don haka abincinta niƙaƙƙe ne, ruwan shanta kuma sai an zuba masa gari ya yi kauri. Aikin mai shuɗiyar riga ke nan, wato Fulas. To amma Iya ta ƙi Fulas. Ta kawo cokali, sai tsohuwa ta danne haƙora ta juya wa taga fuska. Ban san dalili ba, kuma ba wata dabara gare ni ba. Ni ke mata wanka, ni ke taje mata kai, ƙila shi ke nan. Wata rana dai Fulas ta gaji ta ce, “Tawa, don Allah gwada.” Na gwada, Iya ta buɗe baki.

Tun daga ranar muka tsara. Fulas ta haɗa ruwan da abincin, ta ja labule ta tsaya, ni in riƙe cokali. Ita kuma ta yi mini awon hawan jinin gadajen ƙofa. Watanni muna haka, tsohuwa har ta yi kumatu.

Juma'a, bayan tashi daga aiki

Sun haɗa mu a ofis. Matiron, da wani mai kwat daga sama, da ni, da Fulas.

Mai kwat ya tambaye ni wa ya ba ni izinin ciyar da majinyaciyar da ba ta matakina ba. Na juya na kalli Fulas, ina jiran ta buɗe baki. Wallahi har murmushi na yi mata, irin na “faɗa musu mana.” Ta kalli fayil ɗin da ke kan cinyarta ta ce, “Yallaɓai, ni na fita amsa waya. Da na dawo na tarar da cokali a hannunta. Ban san tana ba ta ba.”

Ban san tana ba ta ba.

Na ce, “Fulas.” Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Mai kwat ya ce a ofis ba a kiran mutane da sunan wasa.

An kira sauran 'yan ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta taɓa ganin komai, labule ne ya tare musu. Ban ga laifinsu sosai ba, kowacce tana da tata musayar da take tsoron a tono. Ita ce dai, ita.

Asabar, da hantsi

Ban san tana ba ta ba. Ina wanke-wanke ina jin muryar.

Lahadi, bayan la'asar

Baban yara ya gaji da ganin fuskata. Ya ce, “Ke matsalarki kin ɗauki wurin aiki gidan ubanki. Je ki ba su haƙuri, ki ce kuskure ne, a wuce wurin.” Na ce haƙurin me zan bayar, na ciyar da mai jin yunwa? Ya ce, “Haƙurin kin yarda da mutum.” Ya ɗauki hularsa ya fita. Na ji haushinsa.

Bari in rubuta wannan kaɗai, ba zan ƙara ba. Ranar Alhamis ɗin, da Fulas ta miƙo mini kofin ruwan Iya, na ce mata kamar bai yi kauri ba. Waya na kunnenta, ta ɗaga mini hannu alamar ya yi, ta fita. Ita ce mai kwas. Ni kuma na ɗiba na ba Iya, ta ƙware.

Talata, hutun rana

Iya ta dawo gadonta. Na gan ta daga bakin ƙofa, ta zama kamar an wanke ta an shanya. Na tsaya ina gyara zannuwan da ba su buƙatar gyara, har na ga Fulas ta nufe ta da faranti. Ta danne haƙora ta juya wa taga fuska. Fulas ta yi lallashi, ta yi waƙa, ta sake zagayowa ta ɗaya gefen. Faranti ya koma kicin yadda ya zo.

Na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Daɗin bai kai ni ƙarshen baranda ba ya koma tsoro.

Laraba, da yamma

Na yi karo da 'yar Iya a matakala. Matar da take kawo mini lemo tana ce mini Anti, tana cewa ba ta san da bakin da za ta gode mini ba. Na gaishe ta, na tambayi mai jiki. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Ashe ba ki da takardar abin da kike yi. Da uwata kike koyon aiki?” Na ce ta tsaya in yi mata bayani. Ta ce an riga an yi mata, ta wuce.

Ban bi ta ba. Da uwata ce, ni ma abin da zan faɗa ke nan.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Ba ta ci ba. Ƙarin ruwa kawai ake mata.

Alhamis, bayan tashi

Wata mai ruwan toka ta zo karɓar rigunan filo ta raɗa mini cewa likita ya ce in Iya ba ta ci ba zuwa Litinin, za a zura mata roba ta hanci. Na ga masu robar nan da yawa. Tsoho in aka sa masa, da wuya ya koma cin abinci da baki, haɗiyar da ta rage sai ta mutu gaba ɗaya. Kuma na san Iya, fizge ta za ta yi, sai an ɗaure mata hannu.

Na ajiye girman kai na je wurin Matiron. Na ce, “Ranki ya daɗe, ba don kaina na zo ba. A bar ni in ba ta, ko sau ɗaya a rana. A tsaya a kaina, a sa wanda ake so ya tsaya.”

Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce doka ta ba da ƙofa ɗaya: mai kore na iya riƙe cokali in mai shuɗin da ke da majinyacin ta ce akwai buƙata, ta kuma tsaya a wurin da kanta. “In ta zo nan ta faɗa da bakinta cewa a hannunki tsohuwar ke ci, zan kai maganar sama. In ba ta faɗa ba, hannuna a ɗaure yake. Kin gane?”

Na gane. Ita ma Matiron ta san gaskiyar, so take wani ya furta mata.

Juma'a, da magariba

Na jira Fulas a wurin hawa mota. Ta hango ni, ta rasa ɗakin maganin da za ta shige. Ta rame, idonta ya faɗa, ko fulas ɗin ba ta riƙe ba.

Na ce, “Ban zo don maganar ofis ba. Wannan tsakaninki da Allah. Don Iya na zo.” Na faɗa mata abin da Matiron ta ce.

Ta ce, “Tawa, in na ce sai a hannunki take ci, za su ce yaya aka yi na sani.”

“Ai kin sani.”

“Rigar za su karɓe. Ƙila aikin ma. Ina da yara.”

“Ni kuma duwatsu na haifa?”

Sai ta fashe da kuka a bakin titi, mutane na kallonmu. Ta ce ba ta barci, ta ce bakinta ne ya riga ta a ofis, ta ce ba ta san yadda za ta dawo da maganar ba. Ni sakarya har na dafa kafaɗarta. Na ce ba sai ta dawo da komai ba, ta ce kawai a gwada ni, tsohuwa ta ci abinci, sauran ni zan ɗauka. Ta share ido ta ce, “Bari in kwana da shi. Litinin da safe mu haɗu a ofis.”

Na dawo gida da sauƙin zuciya. Har na yi wa yara wasa.

Asabar, da safe

Na yanke farce, na wanke koriyar rigar na goge.

Lahadi, da rana

Za ta faɗa. Wadda ta yi kukan nan za ta faɗa.

Litinin, hutun rana

Ta zo da shuɗiyar rigarta a goge, fulas a hannu. Matiron ta tambaye ta a gabana, dalla-dalla, ko tana ganin canjin hannu zai sa majinyaciyar ta ci.

Ta ce, “Ranki ya daɗe, a ganina ba hannu ba ne, ciwon ne. Ko wa ya ba ta ba za ta ci ba.”

Matiron ta sake tambaya, ta ce ta yi tunani da kyau. Ta maimaita, wannan karon muryarta ko rawa ba ta yi. Na farko zan iya cewa tsoro ne ya fizge ta. Wannan kuwa kwana ta yi tana shirya shi, da tsohuwa a gado tana bushewa.

Ban yi ihu ba, ban zage ta ba. Na ce, “Ranki ya daɗe, zan iya komawa bakin aiki?” Na koma na ninke zannuwa. Baba Mai Guga ya ce na ninke wasu a bai-bai, ya karɓa ya gyara da kansa.

Litinin, da yamma

An sa robar.

Laraba, ƙarfe huɗu

Na tsane ta. Na rubuta don in ga yadda yake a rubuce. Ban taɓa faɗin haka a kan kowa ba, ko matar da ta taɓa mari na a ɗakin haihuwa ban ce na tsane ta ba. Abin da ya fi ci mini rai, da na ga wani abin dariya ɗazu a baranda, ita na fara tunanin in ba labari.

Juma'a, bayan tashi

Hukunci ya fito. Ba su kore ni ba, sun ce sun duba daɗewata. An sauke ni zuwa mataki na ɗaya, an cire sunana daga masu zuwa kwas. Litinin in karɓi riga ruwan toka in koma ɗakin tsofaffi mata. Mai kwat ya ce in gode wa Allah, na ce na gode.

Na tambayi Matiron wa zai riƙa duba aikina. Ta ce ai mai shuɗi ɗaya ce a ɗakin.

Baban yara ya ce in ajiye aikin in ba zan iya ba, ba za mu mutu ba. Karo na farko ke nan da ya faɗi abin da ya sanyaya mini rai a makonnin nan. Na ce zan je.

Litinin, hutun rana

Rigar ta yi mini kaɗan a hammata. Na kwashe fo, na yi wa tsofaffi biyu wanka, yaran da na koya wa aiki suna ta sunkuyar da kai in mun haɗa ido. Na bar gadon taga sai ƙarshe, na yi ta jan ƙafa har babu sauran gadon da zan fake da shi.

Fulas ce ta riƙe mini ɗaya gefen, don ba a juya irin su Iya da mutum ɗaya. Robar na manne a kumatun da babu su yanzu, hannunta mai lafiya an naɗe shi da bandeji an ɗaure a ƙarfen gado. Idonta a rufe. Na zare tsohon zanin, na shimfiɗa sabo, muka juyo da ita wajena.

Sai ta buɗe ido ta gan ni. Ta daɗe tana kallona, ta ce, “To.” Sannan ta ɗago haɓa kaɗan ta buɗe baki, ta bar shi a buɗe tana jira.

Babu komai a hannuna sai rigar filo. Na ce, “Iya, gado na zo gyarawa.” Ba ta rufe ba. Na ɗaga kanta na sa filon, na ja mata bargo, na soke gefen zani, bakin yana buɗe, idonta na bin hannuna duk inda ya je. Na ɗago na kalli Fulas, ita kuma ta tsura wa ledar ƙarin ruwa ido.

Na tattara zannuwan da na cire na nufi ƙofa. Da na waiwaya, Iya ta rufe bakin ta juya wa taga fuska. Na san juyin nan, ban dai taɓa tsayawa ta wannan gefen nasa ba. Gobe da safe ma ni ce da gadon.